Ku Tambaya Mu Amsa: Jirgin Yaƙin da Aka Ƙera Ba Bindiga

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan yawancinsu a kan abu ɗaya suka sauka: jiragen yaƙin sojin ruwa da matuƙansu, musamman a zamanin da aka fara ɗaura musu makamai masu linzami, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon na 1970. Na haɗa masu kama da juna, na rage wa masu tsawo. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, fili ne ya yi mana kaɗan.

TAMBAYA: Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Gardama ce ta kaure a garejinmu. Abokin aikina ya ce Amurkawa sun taɓa ƙera jirgin yaƙi mai ɗan karen tsada ba su sa masa bindiga ko ɗaya ba, suka tafi Biyetnam da shi, tsofaffin jiragen Rasha suka riƙa ba su kashi. Ni kuwa na ce ba mai hankalin da zai yi haka. Wa ke da gaskiya? (Daga wani bakanike, Kaduna)

AMSA: Maigida, abokin aikinka ya fi ka kusa da gaskiya. Amma kai ma kana da taka, domin waɗanda suka yi abin ba mahaukata ba ne. Yaƙin da suka shirya wa daban, wanda ya zo musu daban.

Jirgin shi ne F-4 Phantom na kamfanin McDonnell. Ya fara tashi a watan Mayun 1958, kuma rundunar sojin ruwan Amurka aka ƙera wa shi. Inji biyu gare shi, gudunsa ya ninka na sauti sau biyu, yana ɗaukar mutum biyu: matuƙi a gaba, mai kula da na'urar rada a baya. Ana ɗaura masa makamai masu linzami takwas, amma ba shi da bindiga.

Abin da ke hana manyan hafsoshin barci a lokacin shi ne manyan jiragen Tarayyar Sobiyet masu ɗauke da bam na nukiliya. Irin wannan jirgi a can ƙololuwar sama yake tafiya, a miƙe, ba lanƙwasa ba kauce-kauce, kuma in ka bari ya matso kusa da ayarin jiragen ruwanka, magana ta ƙare. Dole a tare shi tun daga nesa. A yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, da bindiga ake faɗa a sama, sai ka kusanci abokin gaba har kana ganin lambar jirginsa. Masana suka ce wannan zamani ya wuce, yanzu daga nisan kilomita da yawa za a riƙa harbi, matuƙa ba za su ma ga juna ba. Ba Amurkawa kaɗai suka yi wannan tunani ba. A 1957 ministan tsaron Birtaniya, Duncan Sandys, ya fitar da takardar manufa da ke nuna cewa makamai masu linzami za su gaji jiragen yaƙi masu matuƙa. A 1960 kuwa sojin ruwan Amurka suka rufe makarantarsu ta koyon harbi da bindiga a sama da ke El Centro a Kaliforniya. Atisayen kokawa a sama ma aka rage wa matuƙan Phantom shi, saboda yana cinye jirage da rayuka a haɗurra.

Makaman iri biyu ne. Akwai Sidewinder, wanda wani masanin kimiyya mai suna William McLean ya jagoranci ƙirƙirarsa a sansanin gwajin makamai na sojin ruwa da ke China Lake, aka fara aiki da shi a 1956. Shi zafi yake bi. Idan idonsa ya hango zafin injin jirgin gaba, sai matuƙi ya ji wani gurnani a kunnensa, sai ya harba. Akwai kuma Sparrow, wanda ya fi girma da dogon zango, shi kuma rada yake bi. Dole jirgin da ya harba shi ya ci gaba da riƙe abokin gaba da radarsa tun daga fitar makamin har ya isa.

Da farko kamar hasashen ya yi daidai. Ranar 17 ga Yunin 1965, Phantom biyu daga jirgin ruwa mai dakon jirage USS Midway suka yi gaba da gaba da jiragen MiG-17, ƙirar Sobiyet, na Biyetnam ta Arewa wadda Amurka ke yaƙi da ita, suka kakkaɓo biyu da Sparrow. Kwana uku bayan haka, wasu matuƙa daga wannan Midway ɗin, a cikin tsohon jirgi mai farfela A-1 Skyraider, suka harbo wani MiG-17 da bindiga zalla. Ya kamata wannan ya sa wani ya tsaya ya yi tunani.

Daga nan abubuwa suka fara cakuɗewa. Sararin sama cike yake da jiragen Amurka, don haka aka kafa doka: kada ka harba sai ka ga jirgi da idonka ka tabbatar na abokin gaba ne. Kafin ka gane shi kuwa, ya riga ya shigo inda Sparrow ba ya aiki, domin makamin yana da mafi ƙarancin tazarar da yake buƙata. MiG-17 bai kai gudun sauti ba a tafiya miƙaƙƙiya, nauyinsa bai wuce tan 6 ba, alhali Phantom da kayansa ya haura tan 20. Amma ɗan ƙaramin ya fi iya juyi nesa ba kusa ba, ga manyan bindigogi uku, ɗaya mai bakin milimita 37, biyu masu 23. Shi kuma Phantom injinansa baƙin hayaƙi suke fitarwa, ana hango shi tun daga nesa. Masu rada a ƙasa su ke jagorantar matuƙan Biyetnam ta rediyo, su biyo da su ta ƙasa-ƙasa, inda radar Phantom ke rikicewa da duwatsu da itatuwa.

Sidewinder na farko sai kana bayan abokin gaba daidai saitin wutsiyarsa zai kama. In kana tsakiyar lanƙwasa mai tsanani ka harba, ya tafi a banza. Wani lokaci ya bar jirgi ya bi rana, ko hasken gajimare, ko zafin ƙasa.

Sai kuma lalacewar kayan kansu, kuma a nan ne kai bakanike za ka fi kowa fahimta. Ni a shagon gyaran rediyo na mahaifina na tashi, lokacin da rediyo ke da bawul, waɗannan ƙananan kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila da sai sun yi ɗumi rediyo ke magana. In aka kawo rediyo daga ƙauye a bayan a-kori-kura, Baba tun kafin ya kwance bayanta yakan ce girgizar hanya ce, kuma da wuya ya kuskure. To irin waɗannan bawul ɗin ne a cikin Sparrow na wancan zamani. A ɗaura shi a jikin jirgi, a cilla jirgin da majaujawa, ya je ya dawo ya doku da doron jirgin ruwa, gobe a sake, jibi a sake, ga gishirin teku ga laimar iska ga zafi, ba a sauke shi an duba ba. Ranar da ake buƙatarsa sai matuƙi ya danna kunama, makamin ya saki jirgi ya faɗi ƙasa injinsa bai ko tashi ba. Alƙaluman da Amurkawa suka fitar da kansu sun nuna an harba Sparrow 612 a tsawon yaƙin, jirage 56 ya kakkaɓo, wato bai kai ɗaya cikin goma ba. Sidewinder ya ɗan fi, kusan ɗaya cikin biyar.

Sai dai ka gaya wa abokin naka kada ya cika baki da yawa. In aka haɗa yaƙin duka, a lissafin Amurkawa, sun fi harbo MiG fiye da yadda MiG ke harbo su. Abin da ya fi cinye jiragensu shi ne bindigogin ƙasa masu kakkaɓo jirage. Kunyar ita ce, da kayan da ya ninka na abokin gaba tsada sau da yawa, da ƙyar suke rinjaye.

TAMBAYA: Na karanta cewa jirgin F-8 Crusader ya fi duk jiragen Amurka nasara a kan MiG, kuma shi yana da bindigogi. Ashe wannan bai nuna cewa makami mai linzami yaudara ce kawai ta masu sayar da makamai ba? (Daga wani ɗalibi, Maraɗi)

AMSA: Ɗana, wannan labari ne mai daɗin faɗa, shi ya sa ya yaɗu. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Gaskiya ne Crusader na kamfanin Vought, wanda ya fara aiki a 1957, yana da bindigogi huɗu masu bakin milimita 20. Gaskiya ne kuma a lissafin Amurkawa ya harbo MiG 19, MiG ta harbo shi sau uku kacal. Amma ka duba da me ya harbo su. Waɗanda aka kayar da bindiga ba su fi huɗu ba, sauran kusan duk da Sidewinder ne. Bindigogin ma cijewa suke yi in jirgi na juyi mai tsanani, daidai lokacin da ake nemansu. Na farkon da ya kakkaɓo MiG da Crusader, Kwamanda Harold Marr daga USS Hancock ranar 12 ga Yunin 1966, da Sidewinder ya yi.

To me ya bambanta su? Mutanen da ke ciki. Da yake jirginsu na da bindiga, ba wanda ya hana matuƙan Crusader koyon kokawa a sama. Sun saba da neman bayan abokin gaba, kuma wanda ya iya zagayawa bayan MiG don ya harbe shi da bindiga, ya riga ya tsaya daidai inda Sidewinder ke so. Matuƙan Phantom kuwa tare jirgin bam aka koya musu.

A 1968 babban hafsan sojin ruwa, Admiral Thomas Moorer, ya ba Kyaftin Frank Ault, wanda ya taɓa riƙe USS Coral Sea, aikin binciko dalilin gazawar. Ault da mutanensa suka bi makamin tun daga masana'anta har zuwa fiffiken jirgi. Suka tarar da matsala a ƙira, a ajiya, a gyara, suka kuma tarar da yawan matuƙa ba su san iyakar inda makaminsu ke aiki ba, suna harbi a inda ko lafiyayyen makami ba zai samu ba. Cikin shawarwarinsu akwai buɗe makaranta ta musamman.

Ranar 3 ga Maris 1969 aka buɗe ta a sansanin Miramar kusa da San Diego, ƙarƙashin Laftanar Kwamanda Dan Pedersen. Ita ce aka fi sani da Topgun. A cikin wata tsohuwar tirela da aka ajiye a filin ajiye motoci aka fara karatu. Malamai na hawa ƙaramin jirgi A-4 Skyhawk, mai juyi kamar MiG-17, su yi ta faɗa da ɗalibai irin yadda matuƙan Biyetnam ke yi. Wasu cikin malaman ma sun gwabza da MiG na gaske a asirce a hamadar Nevada. Wani matuƙin Iraƙi mai suna Munir Redfa ya gudu da MiG-21 zuwa Isra'ila a watan Agustan 1966, sannan a 1968 matuƙan Siriya biyu suka yi ɓatan hanya suka sauke MiG-17 a can, Isra'ila kuma ta ba Amurka aron jiragen. Darasin da aka fitar ba shi da tsawo: kada ka yarda ka shiga gasar juyi da MiG-17, zai cinye ka. Kai ƙarfin inji gare ka, ka yi sama a tsaye inda ba zai iya binka ba, ka riƙe gudunka, ka sauko masa ta baya. Ku yi faɗa ku biyu, wanda ya fi samun dama ya kai hari, ɗayan ya tsare masa baya, ba ruwan faɗa da wane ne babba a muƙami. Wanda ya gama karatu sai ya koma rundunarsa ya koya wa sauran.

An dakatar da ruwan bam a kan Biyetnam ta Arewa a watan Nuwamban 1968, aka dawo da shi gadan-gadan a 1972, sai abin ya zama kamar gwaji. Ranar 10 ga Mayun 1972 aka yi faɗan sama mafi zafi na yaƙin. Laftanar Randy Cunningham da mai radarsa Willie Driscoll, daga USS Constellation, suka raka jiragen da suka je kai hari tashar jirgin ƙasa ta Hai Duong. Suka kakkaɓo MiG-17 uku a fita ɗaya. Na ukun ne ya ba su wahala. A yadda Cunningham ya ba da labari, jiragen biyu suka yi ta hawa sama a tsaye kusa da juna, matuƙin MiG na aiko musu da harsashi duk lokacin da Phantom ya wuce gaba saboda ƙarfin injinsa. A hawa na ƙarshe sai Cunningham ya saki totur gaba ɗaya ya buɗe birkin iska, MiG ya zarce gaba, Sidewinder ya bi shi. Da biyun da suka harbo a watannin Janairu da Mayu, sun cika biyar, kuma duka biyar ɗin da Sidewinder ne, a jirgin da har lokacin ba shi da bindiga. A hanyar komawa aka harbi jirginsu, suka lallaɓa da shi yana ci da wuta har bakin teku, suka cilla kansu waje, jirage masu saukar ungulu suka tsamo su. (Shi Cunningham daga baya ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka, a 2005 ya amsa laifin karɓar cin hanci, aka ɗaure shi. Wannan wani babi ne daban.)

Ga abin da ya fi gamsar da ni. Sojin saman Amurka su ma suna da Phantom, kuma su maganin bindigar suka bi, suka sayo samfurin F-4E mai bindiga a hanci. Sojin ruwa ba su taɓa dasa bindiga a cikin nasu Phantom ɗin ba, horo da kula da makami suka gyara. Daga 1965 zuwa 1968 sojin ruwa na harbo MiG biyu da ɗoriya zuwa uku da ɗoriya a kan kowane jirginsu ɗaya da MiG ta kayar, ya danganta da mai ƙidayar. A 1972 suka ce abin ya haura 12. Na sojin sama bai ɗaga ba.

Ban ce ka haɗiye wannan lissafi duka ba. Jiragen da ake magana a kai 'yan gomomi ne kawai, kuma mutanen Biyetnam na da nasu littafin da bai yi daidai da na Amurkawa ba. Sojin ruwa kusa da gaɓa suke faɗa, inda jirgin ruwa mai babbar rada ke gaya musu ta inda MiG ke tahowa, kuma zuwa lokacin sun sami sabon samfurin Sidewinder da ya fi na da. Duk da haka, in aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya sauya lamarin, horon zan zaɓa, bindigar tana can baya.

TAMBAYA: Malam, ɗalibaina ne suka tambaye ni yadda jirgin sama mai irin wannan gudu ke tashi da sauka a kan jirgin ruwa, na rasa ta cewa. A taimaka mana. (Daga wata malamar firamare, Damagaram)

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri da kika nemo musu amsa maimakon ki ce su yi shiru. Ki fara da ba su ma'auni: titin saukar jirage na filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya haura kilomita 3. Doron babban jirgin dakon jirage na wancan zamani, irin su USS Forrestal, tsawonsa duka bai fi mita 320 da 'yan kai ba, kuma ba duka ake sauka a kai ba.

Wajen tashi, majaujawa mai aiki da tururi ce a ƙarƙashin doron. A maƙala jirgi a jikinta, matuƙi ya tura totur har ƙarshe, ya sara wa jami'in da ke tsaye gefe alamar ya shirya, a saki tururi. Cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, a tazarar da ba ta kai mita 100 ba, jirgi ya tashi daga tsaye cik zuwa gudun kusan kilomita 250 a awa. Jirgin ruwan kansa yakan juya ya fuskanci iska yana gudu, don a ƙara wa fukafukai ƙarfi.

Sauka ita ce wuyar. Akwai igiyoyin ƙarfe huɗu a gicciye, jirgi kuma na da ƙugiya a ƙarƙashin wutsiya. Ta uku ake so ya kama. Matuƙi ba ya lallaɓawa kamar direban jirgin fasinja, dokawa yake yi da ƙarfi, kuma da zarar taya ta taɓa sai ya ƙure totur, don in ƙugiya ta kuskure igiya ya samu ya sake tashi. Akwai gogaggen matuƙi tsaye a gefen doro da rediyo a hannu, yana ce masa ka yi ƙasa da yawa, ƙara wuta, ko kuwa fasa ka zagayo. Kowace sauka sai ya ba ta maki, a liƙa a allo kowa ya gani, har ta kwamanda. Ki ƙara musu da cewa doron na hawa da sauka da igiyar ruwa, kuma ana yin wannan aiki har da dare cikin ruwan sama. Likitocin da suka auna bugun zuciyar matuƙa a lokacin yaƙin Biyetnam sun tarar ya fi tsananta a wajen sauka kan jirgin ruwa fiye da lokacin kai hari.

Dabaru ukun da suka sa abin ya yiwu duk daga sojin ruwan Birtaniya suka fito a farkon shekarun 1950: majaujawar tururi ta Colin Mitchell, karkataccen titin sauka na Dennis Cambell, wanda ya sa mai kuskure igiya ba ya afka wa jiragen da ke ajiye a gaba, da madubi mai fitila na Nicholas Goodhart, wanda ke nuna wa matuƙi ko ya yi sama ko ya yi ƙasa.

Kafin waɗannan su zauna da gindinsu, an yi asarar da ba ta faɗuwa. A shekarar 1954 kaɗai, ba yaƙi ba komai, sojin ruwan Amurka da na kundumbala suka rasa jirage 776 da mutum 535 a haɗurra. Crusader ɗin da muka yaba a sama, an ƙera 1,261, kuma 1,106 daga ciki sun gamu da haɗari babba ko ƙarami. Ƙarfinsa dai ba a magana: a 1960 wani matuƙi a Napoli ta Italiya ya manta bai buɗe fukafukansa da ake naɗewa ba, ya tashi a haka, ya zagayo ya sauka lafiya. Doron kansa wurin mutuwa ne, ga mai ga bam ga wuta a wuri ɗaya. Ranar 29 ga Yulin 1967 wata roka ta tashi da kanta daga jikin wani Phantom a kan Forrestal, ta fasa tankin man wani jirgi, bama-bamai suka yi ta fashewa, mutum 134 suka mutu. John McCain, wanda daga baya ya yi takarar shugaban Amurka, yana cikin matuƙan da suka sha da ƙyar ranar. Wannan ɓangaren ki auna shekarun yaran kafin ki ba su.

TAMBAYA: Yaya aka yi Rasha ma ta sami makami mai bin zafi kusan lokaci ɗaya da Amurka? Sata aka yi? (Daga wani ɗan kasuwa, Zangon Kumasi)

AMSA: Alhaji, tsintuwa ce ta fi sata yawa a ciki. A rikicin mashigin Taiwan na 1958, Amurkawa suka ɗaura wa jiragen F-86 na Taiwan Sidewinder a asirce. Ranar 24 ga Satumba suka yi arangama da jiragen MiG-17 na ƙasar Sin, kuma wannan ne karon farko a tarihi da aka harbo jirgi da irin wannan makami a fagen fama. A cikin faɗace-faɗacen wani Sidewinder ya soki MiG ya ƙi fashewa, matuƙin ya koma gida da shi a maƙale a jikin jirgi. Daga Sin ya isa hannun injiniyoyin Sobiyet, suka warware shi ƙusa-ƙusa, suka ƙera nasu mai suna K-13, wanda ya yi kama da na asalin ƙwarai. Shi aka ɗaura wa MiG-21, kuma da shi matuƙan Biyetnam suka riƙa harbo Amurkawa. Dabararsu ita ce a zo da gudu ta baya, a harba, a wuce, ba tsayawa kokawa. Nguyen Van Coc, wanda ƙasarsa ta lissafa wa jirage tara, ya fi kowane matuƙi na ɓangarorin biyu yawan nasara a yaƙin, kuma MiG-21 yake tuƙawa.

TAMBAYA: Ina saurayi lokacin yaƙin basasa, na ga jiragen yaƙi a filin jirgin Kano ana ce musu MiG. Su ne irin na Biyetnam ɗin? (Daga wani dattijo, Fagge, Kano)

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Idonka bai yaudare ka ba, su ne. A watan Agustan 1967 manyan jiragen dakon kaya na Sobiyet suka sauke MiG-17 a Kano, tare da MiG-15 na koyon tuƙi, aka harhaɗa su a nan. Bambancin shi ne aikin da suka yi. A Biyetnam tare jiragen Amurka suke yi a sama, a Najeriya kuwa ɗaya ɓangaren ba shi da jiragen yaƙi masu irin wannan inji, don haka yawanci hari a ƙasa aka yi da su. A 1975 Najeriya ta sayo MiG-21, aka girke su a Makurɗi, daga baya kuma F-7 ƙirar Sin, wanda daga MiG-21 ɗin aka samo shi. Jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi kam Najeriya ba ta taɓa mallaka ba, saboda haka duk matuƙan waɗannan jirage na sojin sama ne.

TAMBAYA: Daga ƙarshe makamin ya cika alƙawarin da aka yi a kansa, ko har yau sai da bindiga? (Daga wata ma'aikaciyar jinya, Garwa)

AMSA: Hajiya, ya cika, amma ya makara da shekara ashirin da wani abu. Da aka daina amfani da bawul aka koma tiransisto, lalacewa ta ragu sosai. A ƙarshen shekarun 1970 aka fito da Sidewinder samfurin AIM-9L, wanda ke kama jirgi ko ta gaba ya taho. Ranar 19 ga Agustan 1981, F-14 biyu daga USS Nimitz suka harbo jiragen Su-22 biyu na Libiya da shi a mashigin Sidra. A 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, jiragen Sea Harrier na sojin ruwan Birtaniya suka kakkaɓo jiragen Ajantina kusan 20, mafi yawa da wannan makami, ba a harbo nasu ko ɗaya a faɗan sama ba. Bindigar ma an dawo da ita: F-14 da ya gaji Phantom a 1974 da tasa ya zo, haka F/A-18 da ya biyo baya. Makarantar Topgun tana nan, sai dai a 1996 an ɗauke ta daga Miramar zuwa Fallon a jihar Nevada.